Ɗalibaina suna rubuta Turanci amma sun kasa buɗe baki

Tambaya: Malam, ina koyar da Turanci a ajin SS1 a Rigasa, yara 70. Suna cin jarrabawa, amma da na ce su yi magana sai su sunkuyar da kai. Na hana Hausa a aji har da cin tara, shiru ya ƙaru. An ce in gwada koyarwa ta hanyar aikin rukuni. Anya zai yiwu?

Amsa: Zai yiwu, Malama. Takardar furuci ta WAEC ma zaɓi-ka-cike ce, shi ya sa yaro ke cinye ta bai taɓa furta jimla ɗaya ba.

Ki raba su rukuni 14, mutum biyar-biyar. Aikin mako huɗu: shirin rediyo na minti uku kan sharar da ke toshe magudanan ruwa da damina. Makon farko su tsara tambayoyi biyar, na biyu su tambayi mai shago ko mai unguwa, na uku su kwashe abin da suka jiyo zuwa Turanci. Na huɗu su naɗa da waya, su saurara, su sake. Kowa da rabonsa na daƙiƙa 30 a naɗin, in ba haka ba yaro ɗaya mai baki zai cinye aikin. Kada su karanta daga takarda, kalmomi biyar na tunatarwa sun isa.

Amma ki soke tarar nan tukuna. Kullum ina cin karo da ita, kuma tana ci mini tuwo a ƙwarya. Monita riƙe da takarda yana rubuta sunan wanda ya yi Hausa, a karɓe kuɗin tarar yaro ko a zane shi. Wa ya ce harshe na shiga da bulala? Yaron da ke tsoro lissafi yake yi: in ya yi Hausa a ci shi tara, in ya yi Turanci ya kuskure a yi masa dariya, to gara ya kame bakinsa. Shirun ajinki ke nan. Kuma mai shagon Rigasa da Hausa zai amsa musu. Ki bar su su yi gardamar tsara aikin da harshensu, naɗin ne dole ya fito da Turanci.

Haka kuma ki guji katse yaro tsakiyar jimla don gyaran nahawu. Ki riƙe kuskure biyu da suka fi yawa, bayan an saurari naɗin ki rubuta su a allo ba tare da sunan kowa ba.