Game da ƙunshin kariya na Spider-Man a Marvel Champions

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka: ku uku kuke buga Marvel Champions, wasan katin da 'yan wasa ke haɗa kai su yaƙi mugu ɗaya, wato bos, kai ka ɗauki Spider-Man ka cika masa ƙunshi da korayen katunan kariya, ba a taɓa kai ka ƙasa ba, amma kullum bos Rhino ta wajen barazana yake cinye ku, wato makin da ke taruwa a kan makircinsa har ya cika ku faɗi, har abokan wasanka sun fara cewa ka koma ja (katunan duka) ko rawaya (katunan rage barazana). Kada ka koma tukuna. Na daɗe ina riƙe kore a teburinmu, kuma abin da ka faɗa ba daga launin yake ba, daga haɗin ne.

Duba lissafin da ke gabanku. Babban makircin Rhino yana cika ne da barazana 7 a kan kowane ɗan wasa, ku uku 21 ke nan, kuma kowane zagaye 3 na hawa kansa ko da bos ɗin bai motsa ba. Jininsa kuwa, a wasa na daidai-wa-daida, 14 ne a matakin farko da 15 a na biyu a kan kowane mutum, wato sai kun zubar masa da 87 kafin ku tashi. Idan mutum ɗaya cikin uku ba ya duka, ba ya rage barazana, sai dai ya tsaya da ransa, to nauyin duk ya koma kan biyu, lokaci kuma ba ya jiran su.

Abin da sababbi ba su cika lura da shi ba shi ne tsadar tare duka. Katin da aka yi aiki da shi kwantar da shi ake yi, ba ya sake aiki sai ya miƙe, katuna kuwa suna miƙewa ne a ƙarshen zagayen 'yan wasa, kafin bos ya taso. Da ka kwantar da jarumi ka tare masa, a kwance za ka shiga zagayenka na gaba: babu dukan 2 na Spider-Man, babu rage barazana 1. Haka ma katin da ka jefa lokacin bos, da wanda ka biya shi da shi, duk daga hannun da za ka yi aiki da shi gobe suka fita, hannun nan kuwa 5 ne kacal. Shi ya sa duk katin da zan saka a ƙunshin kore, tambaya ɗaya nake yi masa: bayan na tare, me zai dawo mini da shi? Ko ya miƙar da ni, ko ya ja mini kati, ko ya daki bos, ko ya rage barazana. Wanda aikinsa kawai ya hana ni jin ciwo, biyu ko uku sun isa.

Sa'ar da ka yi, jarumin da ka zaɓa ya dace da wannan aiki. Kariyarsa 3 ce, kuma duk sanda bos ya fara kawo maka hari kai kanka, kana jan kati ɗaya. Ka ɗora masa Armored Vest, wato rigar sulke, da kuɗi 1, ta zama 4. Rhino a mataki na biyu dukansa 3 ne, sai katin ƙari da ake buɗewa, mai alama daga babu zuwa 3. Ka ga idan ƙarin bai wuce 1 ba, ko ƙwarzane ba za ka samu ba. A nan ne katunan da ke biyan lada suke fara aiki. Unflappable na ba ka kati idan ka tare ba ka ji ciwo ba. Hard to Ignore na cire barazana 1 daga babban makirci a kan wannan sharaɗin. Counter-Punch kyauta ne, kana tarewa ka rama da ƙarfin dukanka. Indomitable kuwa ka jefar da shi bayan tarewa, jaruminka ya miƙe tsaye.

Bari in nuna maka yadda zagaye mai kyau yake a teburi. Rhino ya juyo kanka, ka ja kati. Ka kwantar da Spider-Man, ka jefa Desperate Defense tun kafin a buɗe katin ƙari, kariya ta koma 6. Aka buɗe, alama 2 ce, duka ya zama 5, bai taɓa ka ba. Katin ya miƙar da kai, Unflappable ya ba ka wani kati, barazana ta ragu da 1, idan akwai Counter-Punch a hannu ka sakar masa 2. Sai bos ya juya kan abokinka mai She-Hulk da jininta ya yi ƙasa, ka sake kwantawa ka tare mata, ka jefar da Indomitable ka miƙe. Zagayenku ya dawo kana tsaye, hannunka bai rame ba, ita kuma ba ta da dalilin cire kayan yaƙi. Sai dai ka sani, harin da aka fara kai wa wani ka tare masa, ba ya ja maka katin baiwar Spider-Man, don ba kai aka nufa ba tun farko.

Wannan na ƙarshen, wato hana abokanka komawa farar hula, shi ne a ganina ainihin aikin mai kore. Bos yana kai hari ne ga wanda ke cikin siffar jarumi, wanda kuwa ya koma farar hula don jinya, makirci bos ke ƙulla a kansa. Duk juyawar da ɗayanku ya yi, Rhino zai ƙara 1 da abin da katin ƙari ya kawo. Kai kana ganin ba ka rage barazana, alhali in ka riƙe mutum biyu a fagen fama zagaye uku a jere, barazanar da ka hana zuwa ta fi wadda za ka cire da hannunka. Kamar mai tsaron gida ne a ƙwallo, ba a ƙirga masa ƙwallon da ya ci, amma da shi 'yan gaba ke samun zarafin hawa. Saboda haka ka daina tare wa kanka kaɗai. Armored Vest ana iya ɗora wa kowa a teburi, ɗaya ga mutum, Med Team kuma yana warkar da 2 sau uku ga duk wanda ke ɓangarenku, har mataimaka.

Akwai kati ɗaya a akwatin farko da mutane ke rainawa, ni kuwa ba na fita babu shi: Get Behind Me. Yana soke aikin katin yaudara da aka buɗe, bos ya kawo maka hari a madadinsa. Idan Advance ya fito, wanda ke sa bos ƙulla makirci nan take, ka mayar da shi duka, ka ja kati, ka tare. Haka idan Shadow of the Past ya fito zai jawo maka tsohon abokin gaba. Ga Enhanced Spider-Sense guda biyu cikin katunanka na asali da ke soke yaudara, ga mataimakiya Black Widow cikin korayen katuna, ita ma tana soke katin da aka buɗe. Ƙunshinka na iya zama mai tace abin da tarin bos ke zubowa, ba mai shan duka kawai ba.

Batun adadi kuwa, ka tsaya a 40 cif. Doka ta yarda har 50, amma kowane ƙarin kati nisanta ka yake yi da rigar sulkenka da Unflappable, su kuwa da wuri ake son su. 15 na jarumi ne ba a taɓa su, saura 25. Energy, Genius da Strength, katunan biyan kuɗi, dole ne, sai The Power of Protection biyu idan korayenka sun yi yawa. Mataimaka biyar ko shida. Luke Cage ya shigo da katin tauri mai shanye dukan farko, da jini 5, yana iya shanye duka biyu. Mockingbird na sumar da bos tana shigowa, harin da ba a kawo ba kuwa ya fi wanda aka tare sauƙi. Nick Fury na tafiya a ƙarshen zagaye ko ta yaya, don haka bayan ya ja maka katuna 3 ko ya yi dukan 4, ka sa shi ya tare hari kafin ya wuce. Ka dai yi hattara idan Rhino na ɗauke da Charge: yana ƙara masa 3, kuma abin da ya rage bayan mataimaki ya faɗi kanka yake zubowa. Irin wannan dukan Backflip ake ajiye wa, tunda kyauta ne, yana goge ciwon baki ɗaya, kuma sai ka ga girman dukan sannan ka jefa.

Kada kariya ta sa ka riƙa biyan kuɗi da Swinging Web Kick. Kati ne mai kuɗi 3 da ke zubar da jini 8, guda uku gare ka. Ina yawan ganin mai kore ya jefar da shi don ya biya Med Team, sai raina ya ɓaci, domin waɗannan ukun su ne kasonka a cikin 87 ɗin nan. Da zarar rigarka da katunan ladanka sun sauka teburi, kuɗinka ya koma duka.

Unflappable da Desperate Defense suna cikin fakitin Doctor Strange, Hard to Ignore kuma a akwatin Galaxy's Most Wanted tare da Groot. In akwatin farko na 2019 kawai gare ku, ba komai, Armored Vest, Indomitable, Counter-Punch da Get Behind Me sun isa su nuna maka bambanci a kan Rhino.

Amma kada ka ɗauki wannan haɗin ka tafi da shi wurin kowane bos haka nan. Klaw katin ƙari biyu yake buɗewa idan zai kai hari, tarewa ba tare da ciwo ba ta zama caca, a nan sumarwa ta fi amfani: Mockingbird, Webbed Up, Iron Fist in kana da shi. Ultron kuwa yaransa ne matsala, kowanne duka 1 jini 1, amma da yawa, jarumi ɗaya ba zai tare su duka ba. Energy Barrier ya fi dacewa a can, yana hana ciwo 1 ya kuma kashe ɗan yaro ɗaya a lokaci guda.

Kafin ku sake zama, ka tambayi abokanka me suka ɗauka. In babu mai rawaya a cikinsu, lallai ɗaya ya ɗauka, domin kore yana hana barazana ƙaruwa ne, ba ya share wadda ta taru a ƙananan makirce-makirce. Ka turo mana jerin katunanka 25 da jaruman da su biyun ke riƙewa, in nuna maka waɗanda zan cire.