Ma'anar Sunan Thatcher

Kun tambaya ko sunan Thatcher yana da wata ma'ana. Asalinsa sunan sana'a ne a Ingila, na mutumin da yake baibaye ɗaki da ciyawa ko kara, wato mai yin jinka. Zuwa ƙarni na 14 irin waɗannan sunaye sun fara zama na gado, har jikokin da ba su taɓa hawa rufi ba suka ci gaba da amsa su.

Abin da ya kamata a lura shi ne, Margaret Thatcher, Firaministar Birtaniya daga 1979 zuwa 1990, sunan mahaifinta Roberts ne. Ta ɗauki Thatcher bayan ta auri Denis Thatcher a 1951, bisa al'adarsu ta mace ta amsa sunan dangin mijinta.