Amsa: Murfin kwamfutata ya karce, yaya zan gyara shi?

Malam, ka ce murfin kwamfutarka ta tafi-da-gidanka ya karce, launinsa ya koɗe. Fara duba ko roba ne ko alminiyam.

In roba ne mai sheƙi, kuma karcen bai yi zurfi ba, ɗan man goge roba a kan ƙyalle mai laushi zai rage shi sosai. In kuwa alminiyam ne irin na MacBook, kwamfutar kamfanin Apple, launin a saman fatar ƙarfen kawai yake. In ka sa masa samfefa, sai wurin ya yi fari fat, ya fi karcen muni. Wannan sai dai ka rufe da sitika mai girman murfin.

Kada tina ko fetur su kusance shi, suna cin roba.

Mu a Katsina ƙurar hunturu ce babbar ɓarna: ka goge da busasshen tsumma, yashin ya zana murfin. Ka fara hure ta, sannan ka ɗan jiƙa ƙyallen. Caja da makulli kuma a raba su da aljihun kwamfutar.

Amma in tsagewa ka gani kusa da inda murfin ke lanƙwasawa, kai wa mai gyara tun kafin ta taɓa allon.