Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Bayajiddan da Na Zana Ya Yi Kama da Ɗan Japan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Daura, ina zane tun ina firamare, yanzu kuma a waya nake yi. Burina in fitar da littafin yara mai hotuna a kan Bayajidda da rijiyar Kusugu, amma duk sa'ad da na fara sai in tsaya a tsakiya. Abokaina suna cewa mutanen da nake zanawa kamar 'yan katun ɗin Japan suke, kuma gaskiyarsu, don masu zanen da nake bi a Instagram salonsu ke nan. In na ga aikinsu har jikina sanyi yake yi. Shin kwaikwayonsu sata ne? Kuma yaya zan yi in samu nawa salon har in gama littafin?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kwaikwayo don koyo ba sata ba ne, kuma babu mai zanen da ya tsallake shi. Almajiri ma bin hannun malaminsa yake yi a allo kafin nasa rubutun ya zauna. Sata tana farawa ne ranar da ka ɗora takarda a kan aikin wani ka bi layinsa, ko ka canza masa launi kawai, sannan ka sa hannu ka fitar a matsayin naka. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare zane muddin mai shi yana raye, da shekara 70 bayan rasuwarsa. Amma takamaiman hoton take karewa, ba salon ba. Babu wanda ya mallaki manyan idanu ko siririn hanci.

Manyan idanun nan da abokanka ke yi maka tsiya a kansu, su ma aro ne. Osamu Tezuka, wanda ake ɗauka a matsayin uban katun ɗin Japan na zamani, daga katun ɗin Amurka irin na Disney ya tsinci abin, ya sarrafa shi har ya zama tambarin ƙasarsu. Van Gogh kuma a 1887, yana zaune a Faris, ya kwafi hotunan Hiroshige na Japan da fenti, bai kuwa ɓoye ba. Da ka dubi abin da ya zana bayan nan za ka ga ya ɗauko shimfiɗaɗɗen launi da kaurin layi, amma gonaki da mutanen da ke gabansa ya ci gaba da zanawa.

To a nan matsalarka take, a ganina. Ba yawan kallon aikin wasu ne ya cuce ka ba. Kana kallonsu ne kallon ɗan kallo, Daura kuma ba ka kallonta da fensir a hannu. Hannu abin da ido ya fi sabawa da shi yake fitarwa. In awa uku kake yi a waya kana wuce hotunan mutanen Tokiyo, ba ka taɓa zama minti talatin ka zana fuskar kakarka ba, to ko Daurama ka nufa 'yar makarantar Japan za ta fito.

Mu fara da yadda ake kallon aikin gwani. Zaɓi hoto ɗaya tak da ya burge ka, ka ba shi lokaci. Ina idonka ya fara sauka, kuma me ya kai shi can? Haske daga wane ɓangare yake zuwa? Launi nawa ne a ciki in ka ƙirga da gaske? Sau da yawa za ka tarar ba su wuce huɗu ko biyar ba. Me mai zanen ya ƙi zanawa, ya bar wurin fili? Daga nan ka kwafe shi a littafin gwajinka, ka rubuta sunan mai shi a ƙasa, ka rufe. Kashegari ka zana wani abu na gidanku, ko da akuya ce a ɗaure a turke, ka yi amfani da dabara ɗaya da ka gano jiya. Abin da za ka ɗauka wurin gwani shi ne shawarar da ya yanke da dalilinta. Fuskokin mutanensa ka bar masa kayansa.

Sanyin jiki kuwa ba zan daɗe a kansa ba. Wanda kake gani a Instagram ya zaɓi mafi kyau ne ya ɗora, kai kuma kana gwada shi da tarkacen da ke cikin wayarka.

Abin da na fi so ka yi shi ne ka faɗaɗa waɗanda kake kira masu zane. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiya saboda irin wannan damuwa taka. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ana koya musu zane irin na makarantun Ingila, su kuma suka ce za su riƙe dabarar amma kowa ya koma gida ya nemo abin da zai zuba a ciki. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, layinsa ya canza gaba ɗaya. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo, ya kuma yi wa littattafai da dama hotuna. Nemi aikinsu a intanet ka yi musu irin kallon da na faɗa. Ka haɗa da Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira ashirin. Ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, a 1954, ta koyi sababbin dabaru, amma ba ta saki ƙadangare da kunama da kifin da take tsagawa a jikin tulu ba. Kai da ke shirin zana maciji, dubi yadda take cika jikin dabba da ƙananan layuka maimakon ta bi kowane ɓawo ɗaya bayan ɗaya.

Mu kuma namu uli ɗin ya fi a ƙirga, sai dai ba mu saba kiran masu shi da sunan masu zane ba. Ɗauki babbar riga mai aska takwas ka shimfiɗa. Dubi yadda aikin ya taru ya yi nauyi a aljihun hagu, tambari ya zauna shi kaɗai a dama, sauran rigar kuma aka bar ta fili. Wannan darasi ne na tsara shafi da ba kowane malamin jami'a zai ba ka shi da kyau haka ba: ɓangare ɗaya a cike, ɗaya a sake, kuma ba ta karkace ba. Dubi zayyanar allon sauka, yadda ja da rawaya da kore ke zama cikin baƙin layi ba tare da sun yi faɗa ba. Dubi ƙwaryar da aka ƙona wa zane, da aikin dukawa a jikin jaka da kube, da dagi a goshin soro, da lallen da ake yi wa amare. Ni a wurina mai zayyanar da ke raba da'ira gida takwas daidai, da alƙalamin kara da tawadar gawayi da ƙaro, ya fi yawancin masu manhaja sanin layi. In ka sami irinsa a unguwarku, ka je ka gaishe shi, ka roƙi ya bar ka ka zauna kusa ranar da yake aiki. Kada ka je da surutu.

Na san wani zai ce ina batun zana mai rai. Wannan fagen malamai ne, sun yi magana a kai da faɗi, ka zauna da malaminka ya warware maka. Abin da zan ce ta fuskar sana'a shi ne ko ina ka tsaya, zayyana da gini da tufafi sun ishe ka aikin shekaru.

Yanzu littafin. Dalilin da yawancinmu ke tsayawa a tsakiya shi ne muna fara shafin farko mu ƙawata shi har ƙarshe, da launi da inuwa, kafin mu san abin da zai zo a shafi na ashirin. Ana kai wa na biyar sai ƙarfi ya ƙare, kuma fuskar jarumin ta riga ta canza sau uku. Littafin yara mai hotuna yawanci shafi 32 ne, ko 24, saboda maɗaba'a babbar takarda take naɗewa ta ba da shafi takwas ko sha shida. Cire bango na ciki da shafin bayanan ɗab'i, abin da zai rage maka a mai shafi 32 buɗi goma sha biyu zuwa sha huɗu ne, kowane buɗi shafi biyu masu fuskantar juna. Ɗauki farar takarda guda takwas, ka naɗe su biyu, ga shafi 32 a hannunka. Ka zana labarin duka a ciki da fensir, mummunan zane, mutane kamar sanduna, cikin mako guda. Kada ka gyara komai sai ka kai ƙarshe.

A nan za ka gane labarin ya fi ƙarfin littafi ɗaya. Bagadaza, Borno, maƙeran Gaya da suka ƙera masa wuƙa, Daura, Bawo da 'ya'yansa: in ka ce duk za ka zuba, kowane shafi zai zama taron jama'a. Da ni ne, dare ɗaya zan ɗauka. Baƙo ya iso a kan doki, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, aka ce masa sai Juma'a. Ya karɓi guga ya tafi. Gari ya waye an ga abin da ya faru, ana neman wanda ya yi. Ya ishe ka. Kuma ka tuna buɗe shafi makami ne: duk abin da kake son ya ba yaro mamaki, ka ɓoye shi a bayan shafin da zai juya. Kada macijin ya bayyana a gefen dama yaro yana hango shi tun yana karanta hagu. Bari ya ga igiya ta yi nauyi, baƙon yana ja, sannan ya juya.

Kusugu ta yau tana cikin gini, don haka je ka gan ta don ka san wurin, amma rijiyar littafinka ka nemo ta a ƙauye, irin mai itatuwa a baki waɗanda igiya ta yi wa gurbi, da wasaki na fata. Doki shi ne zai fi ba ka wahala, kuma shi ne 'yan Daura ba za su yafe maka ba in ka lalata. Kada ka kwafo shi daga katun. Je bargar wani mai doki da safe, ka zana ƙafar baya kaɗai har sai ka gane inda take lanƙwasa. Ka zana sirdinmu mai tudu gaba da baya, da likkafa da linzami da jalala, kowanne shi kaɗai. Lokacin hawan Sallah ko Sallar Gani ka ɗauki bidiyo, ka riƙa tsayar da shi kana duba ƙafafu a sukuwa. Tun 1878 hotunan Eadweard Muybridge suka nuna cewa lokacin da doki ya bar ƙasa gaba ɗaya, ƙafafunsa a tattare suke a ƙarƙashin ciki, ba a miƙe gaba da baya ba kamar yadda masu zane suka daɗe suna yi. In ka shigo Katsina, ka biya gidan adana kayan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, ka kuma tsaya gaban hasumiyar Gobarau ka ga yadda ginin ƙasa ke shan haske. Gefensa ba ya miƙewa kamar na bulo, inuwarsa ma laushi gare ta.

Fuskoki kuwa daga gida za ka samo su. Ayana tana nan a cikin danginku. Zana tsofaffi uku ko huɗu, ka ɗauki goshin wannan da zaman waccan. Kafin ka shiga ainihin aiki, kowane mutum na littafin ka zana shi a takarda ɗaya ta gaba, ta gefe, ta baya, yana dariya, yana tsoro, ka manna a bango. Ita za ta hana shi canza kama a shafi na goma.

Waya ba ta hana komai. Manhajar zane ta ibisPaint ta isa, in ka sami kwamfuta kuma manhajar Krita kyauta ce. Sai dai tun farko ka buɗe shafin a girman da za a buga, a kan dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, ka bar ƙarin milimita 3 a kowane gefe saboda yankan maɗaba'a. Fuskar waya da haske take nuna launi, maɗaba'a kuwa da tawada huɗu take haɗa shi, shi ya sa shuɗi mai ƙyalli da kore shar suke dusashewa a takarda, fatar baƙin mutum kuma takan dunƙule ta yi duhu har ido da hanci su ɓace. Littafinka rabinsa dare ne, wannan ya shafe ka ƙwarai. Buga shafi ɗaya na gwaji kafin ka yi sauran, ka yi daren da shuɗin baba maimakon baƙi ƙirin. Lambar ISBN kuma, wato lambar shaidar littafi, a Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, amma wannan sai aiki ya kammala.

Game da waɗanda kake bi ɗin nan, ka daina wucewa da ɗan yatsa kawai. In aikin wani ya burge ka, rubuta masa takamaiman abin da ka gani, ka ce yadda ya bar sararin sama fili ne ya sa mahayin ya yi kwarjini. Mai zane yana gane wanda ya duba da gaske, kuma irin wannan ne ake amsa wa tambaya. In za ka yaɗa hoton wani ka sa sunansa, kada ka yanke inda ya sa hannu. Wannan ɗabi'a ta yanke sa hannu ta yi yawa a shafukanmu, har da masu buga kalanda da bangon littafi.

Da ka gama ɗan littafin fensir ɗin, kafin ka nuna wa abokanka, tara ƙannenka 'yan shekara biyar zuwa takwas. Ka ba su ba tare da ka karanta musu komai ba, ka ce su faɗa maka abin da ke faruwa. Inda suka yi saurin juyawa, shafin ba ya da aiki, ka haɗe shi da na kusa. Inda suka ce "wannan kuma wane ne?", shi za ka sake zanawa kafin ka taɓa launi.