Tab Marar Suna, iPad Na Hannu Ko Samsung: Ina Zan Zuba Miliyan Takwas Ɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon waya a Farm Centre da ke Kano, na daɗe ina sayar da wayoyi da kayansu. Kwanan nan iyaye da masu makarantu suna yawan tambayar kwamfutar hannu, wato tab, kuma ina da naira miliyan 8 da nake son sawa a wannan layi. Wanda nake sari a wajensa a China ya yi mini tayin tab marasa suna, kuɗinsu bai kai rabin na Samsung ba. Wani yana kawo iPad na hannu da Amazon Fire daga Amurka, akwai kuma Huawei masu kyau da sauƙin kuɗi ta Dubai. Na ji ana cewa manyan kamfanonin nan rububin kasuwanni irin namu suke yi, don haka farashi zai yi ta sauka. In jira ne ko in shiga? In zan shiga, wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Ka shiga, amma kada ka zuba miliyan takwas ɗin nan a tashi ɗaya, kuma kada ka bar araha ta zaɓa maka kaya. Kafin ka tambayi kuɗin kowace tab, fara tambayar wace babbar manhaja ce ke tafiyar da ita, kuma wa zai ci gaba da kula da manhajar bayan mai saye ya bar shagonka. A kan wannan tambaya ce kamfanonin da suka fi mu kuɗi da wayo suka yi asarar da har yau ake ba da labari.

Apple ta fito da iPad a 2010 a kan dala 499, kasuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu, sai kowa ya ce shi ma a dama da shi. A 2011 kamfanin HP ya fito da TouchPad mai tafiya da manhajarsa ta webOS. Masu ƙirƙirar ƙananan manhajoji ba su bi ta ba, mai saye in ya buɗe rumbunta, wato inda ake sauke manhajoji, sai ya tarar babu abin da yake nema. Ba ta cika wata biyu a kasuwa ba HP ya janye ta, aka karyar da ragowar a kan dala 99. A shekarar dai masu BlackBerry suka fito da PlayBook, wadda ta iso ba tare da manhajar imel tata ba, alhali imel ne ya yi wa BlackBerry suna. Kafin shekara ta ƙare sun rubuta asarar dala miliyan 485 a kan kwantai. Microsoft ma, duk girmansa, ya rubuta asarar dala miliyan 900 a 2013 a kan tab ɗinsa mai suna Surface RT, saboda kamanninta na Windows ne amma ba ta ɗaukar manhajojin da mutane suka saba da su a kwamfuta. Ka tuna fa, a kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai 'yan kasuwa irinka da suka yi sari da kuɗinsu, suka wayi gari da kwalaye a kan kanta.

Waɗanda suka tsira su ne masu rumbun manhajoji cike: Apple da nata tsarin, sai Google da Android, wanda Samsung da Lenovo da Xiaomi da sauransu suke hawa. Abin da ya kamata ka gane game da gasar tasu shi ne, ba a ranar ciniki kaɗai suke cin riba ba. Apple da Google suna yankar kaso, har zuwa 30 cikin 100, daga kuɗin manhajojin da ake saye a rumbunansu. Amazon ta fi kowa fitowa fili. Ta sako Kindle Fire a 2011 a kan dala 199, kuma shugabanta na lokacin, Jeff Bezos, ya faɗa da bakinsa cewa a kan uwar kuɗi suke sayar da na'urar, ribarsu tana cikin littattafai da finafinai da kayan da za a saya ta cikinta. Su suna iya karyar da farashi don sun san za su fanshe a gaba. Kai kuwa daga ranar da ka miƙa kwali ka karɓi kuɗi, rabonka ya ƙare, sai dai ƙorafi in ya biyo baya.

Zancen rububin kasuwanninmu gaskiya ne, kuma akwai dalili. Cinikin tab a duniya ya kai ƙololuwa a 2014, da aka fitar da kusan miliyan 230. Daga nan ya yi ta ja da baya, domin wayoyi sun ƙara faɗi, kuma wanda ya sayi tab yakan shekara huɗu ko biyar bai canza ba. Zaman gida na korona a 2020 ya ɗan farfaɗo da shi, amma a 2023 bai kai miliyan 130 ba. Turai da Amurka sun ƙoshi, dole a nemi sababbin masu saye a Indiya da Indunusiya da Latin Amurka da Afirka. Sai dai kowa da irin neman da yake yi. Apple ta buɗe shagunanta na farko a Indiya a 2023, a Mumbai da Delhi, amma har yanzu ba ta da shago nata na kanta a duk Afirka, sai wakilai. Masu kuɗin ƙasashen take nema, ba ta sauko da farashi don talaka. Wanda ya fahimci kasuwarmu da gaske shi ne kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a China, mai Tecno da itel da Infinix. Kai shaida ne kan yadda ya yi: layi biyu, batir mai jimiri, kyamara mai fito da baƙar fata, sannan Carlcare inda ake gyara da kayan gyara na asali. Da haka ya kama kusan rabin kasuwar wayoyin zamani a Afirka, kuma yanzu yana turo tab irin su Xpad na Infinix ta wannan hanyar da ya riga ya share.

Araha kaɗai kuwa an gwada ta. A 2011 gwamnatin Indiya ta ƙaddamar da Aakash, tab ɗin da aka ce ɗalibai za su samu a kan kimanin dala 35. Duniya ta yi ta yabo. Da ta shiga hannun yara sai ƙorafi ya taso kan nauyin aiki da gilashin da ba ya jin taɓi da batir mai saurin mutuwa, shirin kuma ya shiririce. Wannan ya kawo mu kan tayin abokinka na China.

Tab marasa suna ba duka ne jabu ba, akwai masana'antu a Shenzhen da ke yin aiki mai kyau. Matsalar ita ce daga hoto ba ka iya bambance su. Wasu ana yi wa manhajarsu kutse ta riƙa nuna ram (ƙwaƙwalwar aikin na'ura) da ma'adana da suka ninka na gaskiya. Wasu kan kwali an rubuta sabon Android, a ciki kuwa tsoho ne, kuma babu ranar da za a sabunta shi. Bari mu yi lissafi na misali. A ce ka saro guda 100 a kan naira 40,000 kowace, ka sayar a kan 60,000, a takarda ribarka miliyan 2 ce. In guda 20 suka dawo da mataccen batir ko fasasshen gilashi, ga shi babu kayan gyaransu ko a kasuwar wayoyi ta Ikeja a Legas balle a Kano, ka mayar wa mutane miliyan 1.2, saura 800,000. Ba a lissafa uban da ya saya wa ɗansa ya daina zuwa shagonka ba, har da wayar da da zai saya a wajenka baɗi. In kana son gwadawa, ka ce ya aiko da guda biyar zuwa goma. Ka buɗe Play Store, ka shiga saiti, ka gangara wajen bayanin manhajar, a nan layin Play Protect zai nuna maka ko Google ta amince da na'urar. Ka cika ma'adanar da bidiyo ka ga ko sararin da aka rubuta gaskiya ne. Ka ba yaran gidanka su yi wata guda suna wahalar da su. In sun tsallake, sharaɗin oda shi ne kowane kwali ya zo da ƙarin gilasai da batura, a rubuce. Mai layi kuma ka tabbatar samfurin yana da amincewar hukumar sadarwa ta NCC, kada kaya su maƙale ko a kwashe maka su.

Huawei labarinta daban ne, ingancin jikinta ba a magana. A watan Mayun 2019 Amurka ta sa kamfanin a jerin waɗanda aka hana yi wa ciniki, sababbin na'urorinsa suka rasa manhajojin Google. Ya koma kan manhajarsa ta HarmonyOS da rumbunsa na AppGallery, kuma a China, inda dama ba a amfani da Google, yana kafaɗa da kafaɗa da Apple a kasuwar tab. A nan kuwa mai saye yana isa gida YouTube zai nema, da Gmail, da manhajar bankinsa. Akwai dabarun da yaran kasuwa suke bi su sa su, amma dabara ce, yau ta yi gobe ta ƙi. Sai dai ka kawo wa wanda ya san abin da yake saye ya kuma nema da bakinsa. Amazon Fire ma haka, babu Play Store a ciki, kuma an gina ta ne don wanda ke da asusun Amazon da katin biya a ƙasar da Amazon ke ciniki. Ba zan sa jari a kanta ba.

iPad na hannu yana da kasuwa, kuma ya fi sauran riƙe daraja. Likitoci da masu zane da ɗaliban jami'a da 'yan gayu suna nemansa. Haɗarinsa kulle ne. Tun 2013 Apple ta sa tsarin da ke ɗaure na'ura da asusun iCloud na mai ita, in bai cire ba babu abin da za ka yi da ita sai sayar da sassanta. Akwai kuma waɗanda suka fito daga makarantu da ofisoshin Amurka da kullen hukumar da ta saye su, wanda sau da yawa ba ya bayyana sai an goge na'urar an haɗa ta da intanet. Saboda haka kowane guda a goge shi a gabanka, a kunna shi daga farko har ya buɗe, sannan ka biya. Ka duba kuma ko samfurin yana karɓar sabuntawa har yanzu, don tsoho sosai manhajoji kan daina hawa kansa ɗaya bayan ɗaya. Ka riƙa gaya wa masu saye gaskiya cewa layin da ke cikin iPad na data ne, ba a kira da shi kamar waya. Wannan kaɗai ya isa ya jawo rigima a bakin shago.

Batun jira farashi ya sauka, a ganina ka cire shi daga lissafi. Abin da gasar kamfanoni za ta rage maka a shekara, canjin dala yana iya cinye shi a mako. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500, a Afrilu ta faɗo ƙasa da 1,200, sannan ta sake tashi. Wanda ya cika shago a Fabrairu ya ji jiki a Afrilu. Ga kuma sabon samfuri da ke fitowa kusan duk shekara ya karya darajar wanda ke hannunka. Maganin duka biyun ɗaya ne: kaya kaɗan masu saurin juyawa, kuma ka riƙa sa farashi bisa kuɗin da za ka sake saro su, ba kuɗin da ka saye su ba.

Da ni ne, kimanin rabin kuɗin zai tafi kan tab na Android masu suna da garanti a cikin Najeriya: ƙananan Samsung na layin Tab A, Redmi Pad, Lenovo, da na gidan Transsion. Samfuri uku ko huɗu sun isa, kuma mafi yawa masu layi, tunda gidajen da ke da waya-fai ba su da yawa. Ribar kowace ba ta da kauri, amma in ta lalace akwai inda za ka tura mutum. Miliyan ɗaya ga iPad ƙalilan da ka tantance da idonka. Miliyan biyu su zauna a gefe har wata uku, ka ga abin da ke fita kafin ka ƙara.

Miliyan ɗayan da ya rage shi na fi so ka kula da shi, domin a nan ne kai ma za ka samu abin ci bayan ciniki kamar yadda manyan suke yi. Rigar roba mai kauri ta yara, gilashin kariya, caja mai kyau, katin memori, allon rubutu mai haɗawa, da gilasan canji na samfuran da kake sayarwa. Sannan aikin lodi, wato zuba littattafai da darussa a cikin tab. A 2013 jihar Osun ta raba wa ɗaliban sakandare tab mai suna Opon Imo, kuma abin da ya ja hankali a kanta shi ne littattafai da darussa da tambayoyin jarrabawar baya da aka zuba a ciki, masu aiki ba tare da data ba. Uban da ke tambayarka tab abin da yake so ke nan: Alƙur'ani da ƙira'a, darussan yara, atisayen JAMB tunda tun 2015 da kwamfuta ake rubuta ta, da kulle da zai hana yaro shiga inda bai dace ba. Ka samu yaro ɗaya mai kai ya ƙware a wannan, ka sa masa kuɗinsa daban, amma a tsaya kan abin da masu shi suka bayar kyauta ko suka ba da izini.

Masu makarantu kuwa kada ka saro musu komai da kuɗinka a kan alkawarin baka. Su zaɓi samfuri a rubuce, su ba da kafin alƙalami da ya kai aƙalla rabin kuɗin, a kuma rubuta wa zai ɗauki nauyin gilashi in yaro ya fasa, domin garantin kamfani ba ya biyan wannan.