Tambayi Likita: Allurar Mako-Mako da Ciwon Suga

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana da shekara 58, ya kwashe shekara tara yana fama da ciwon suga, yana shan metformin da glibenclamide safe da yamma. A watan jiya aka gwada fitsarinsa, aka ce ƙodarsa ta fara taɓuwa. Na ga wata mata tana tallar allurar Ozempic a Facebook, ta ce sau ɗaya ake yi a mako, tana narkar da teɓa, tana kuma raba mutum da suga har abada. Shin gaskiya ne? Idan na sayo masa, zai iya ajiye ƙwayoyinsa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka miki da alheri bisa wannan kulawa. Allurar gaskiya ce, kuma tana cikin manyan nasarorin da masu binciken sinadaran homon suka samu a zamaninmu, amma mai tallar ta haɗa gaskiya da ƙarya, domin allurar ba ta warkar da ciwon suga.

Idan mutum ya ci abinci, hanjinsa yana sakin wani homon da ake kira GLP-1, wanda ke shiga jini ya kai saƙo wurare uku. Yana umartar fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin (sinadarin da ke sauke sugan jini), ta saki insulin daidai da yawan sugan da ke cikin jini. Yana rage saurin fitar abinci daga tumbi. Sannan yana sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Masana irin su Joel Habener da Svetlana Mojsov a Amurka da Jens Juul Holst a Denmak ne suka gano aikinsa na sa a saki insulin a shekarun 1980. Matsalar da ta tsaya musu ita ce jiki yana lalata wannan homon cikin kamar minti biyu, don haka ba ya yiwuwa a mayar da shi magani yadda yake. Mafita ta farko ta fito daga inda ba a zata ba: a 1992 wani likita mai suna John Eng ya bayyana wani sinadari mai kama da GLP-1 a dafin wani ƙadangare na hamadar Amurka, wanda ke daɗewa a jiki, daga gare shi aka yi maganin exenatide a 2005. Daga baya kamfanin Novo Nordisk na Denmak ya ƙera semaglutide, wanda ke kai mako guda yana aiki, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta amince da shi da sunan Ozempic a 2017.

Abin da ya fi shafar Baba shi ne binciken da aka fitar a 2024 mai suna FLOW, wanda aka yi a kan mutum 3,533 masu ciwon suga nau'i na biyu da ƙodarsu ta riga ta taɓu. Waɗanda aka yi wa allurar sun samu raguwar kashi 24 cikin ɗari na haɗarin gazawar ƙoda ko mummunar lalacewarta ko mutuwa ta dalilin ƙoda da zuciya. Duk wanda ya taɓa zama a layin wankin ƙoda, ya ga yadda iyali ke sayar da gona da filaye don biyan kuɗin zama biyu ko uku a mako, ya san nauyin wannan adadi. Kafin nan, binciken SELECT na 2023 a kan mutum fiye da 17,000 masu ƙiba da ciwon zuciya ya nuna cewa waɗanda aka yi wa allurar semaglutide sun samu raguwar kashi 20 cikin ɗari na bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu. Saboda haka, a ganina, mutum irin Baba ya fi cancantar wannan magani a kan masu nemansa don gyaran jiki kawai.

Batun "har abada" kuwa babu shi. A binciken rage ƙiba, waɗanda suka yi mako 68 suna karɓar babban awo sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu, amma da suka daina, kashi biyu cikin uku na abin da suka rage ya dawo cikin shekara guda. Sugan jini ma haka yake komawa. Magani ne na dogon zango mai tsada, don haka ku auna aljihunku kafin a fara, kada a yi wata biyu a tsaya.

Kada Baba ya ajiye ko da ƙwaya ɗaya da kansa, kada kuma a ƙara masa allurar a kan glibenclamide ba tare da likita ya sake tsara awon ba, domin haɗa su yana iya faɗar da suga ƙasa sosai, mutum ya jiƙe da gumi, hannu na rawa, har ya suma. Allurar kanta tana jawo tashin zuciya da amai da gudawa, musamman a makonnin farko, kuma amai mai yawa yana ƙarar da ruwan jiki, abin da ƙoda mai rauni ba ta jurewa. Shi ya sa ake farawa da ƙaramin awo a riƙa ƙarawa bayan mako huɗu. A duba idanunsa ma kafin a fara, domin saurin saukar suga yana iya tsananta lalacewar ido ga wanda ciwon ya riga ya taɓa masa gani. Ba a yi wa mai juna biyu.

Ina roƙonki kada ki saya a hannun mai tallar nan. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun wannan allura da aka kama a Burazil da Birtaniya da Amurka, kuma a Ostiriya an kwantar da mutane a asibiti a 2023 bayan sun yi amfani da jabun da ake zargin insulin aka ɗura a ciki. Ko ta gaskiya ce, dole a ajiye ta a firji kafin a fara amfani da ita, bayan an fara kuma kada zafi ya wuce digiri 30, alhali bazarar Arewa tana haura 40. Allurar da ta wuni a jakar ɗan aike a tashar mota ba abin dogaro ba ce.

Ku kai Baba sashen masu ciwon suga na asibitin koyarwa mafi kusa da ku, ku tafi da kwalayen duk magungunansa da takardar gwajin fitsarin. Ku nemi a yi masa gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugansa na wata uku, da gwajin ƙarfin ƙoda, sannan ku tambayi likitan ko wannan allura ko ƙwayoyin dapagliflozin, waɗanda su ma bincike ya tabbatar suna kare ƙoda, za su fi dacewa da shi.