Kullum kwamfuta ce ke cinye ni a ces, yaya zan yi?

Ɗan'uwa, ka ce kana buga ces da kwamfuta a waya, kullum tana cinye ka, kuma ba ka gane inda ka ɓata ba. Kada ranka ya ɓaci. Tun 1997 wata kwamfuta mai suna Deep Blue ta doke Kasparov, zakaran duniya na lokacin, kuma Stockfish na yau, wato injin da ke buga ces yana kuma nazarin wasa, ya fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba.

Fara rage matakin ƙarfin kwamfutar. A Lichess, dandalin buga ces na intanet, akwai mataki 1 zuwa 8. Ni a na 3 na daɗe, ina bugawa da dare a fadarmu ta Zango kafin shayi na biyu ya nuna.

In wasa ya ƙare, kada ka kunna injin nan take. Koma baya da kanka, ka nemo motsin da kake zargi, sannan ka kunna. Lambar da yake nunawa tana faɗin wanda ke gaba a wasan, +1 kusan darajar soja ɗaya ce. Doki 3, sarauniya 9. Inda lambar ta yi tsalle kwatsam, nan ka faɗi. Nawa kuskuren kusan iri ɗaya ne: in bar doki babu mai tsaronsa saboda ina hangen sarkin abokin karawa.

Ka daina mayar da motsi in ka yi kuskure, ɗan Adam ba zai bar ka ba.

Injin yana faɗin motsin da ya fi, amma ba ya faɗin dalili. Wannan sai ka kai wasan wurin wanda ya fi ka iyawa, ku shimfiɗa allo, ya nuna maka da hannu.